Yoyon Durowar Sabulu a Challawa

Ba na jin zan taɓa manta ranar da aka tura ni Challawa gyaran wani injin wanki mai yoyo. Na sha ba sababbin ma'aikatanmu labarin guntu-guntu idan muna cin abinci, to yau bari in ba da shi gaba ɗaya.

A lokacin ina aiki da wani kamfani a Bompai mai sayar da injinan wanki da firji, yana kuma gyara su. Tsarin wurin shi ne manaja a sama, sai foman, sai manyan masu gyara, sannan ƙanana. Ni ina cikin manya, wato waɗanda ake turawa waje su kaɗai. Wanda bai sani ba zai ɗauka wani girma ne. Girman dai shi ne babur da jakar kayan aiki da doguwar hanya. Ka shiga kamfanin mutane ta ƙaramar ƙofa, a nuna maka ɗakin baya da yatsa, ka gama ka fita, ba wanda zai tambaye ka ko ka sha ruwa. Iyalina suna ƙauye wajen Ringim, ni kuma ina haya a Na'ibawa. Sai in yini ban yi magana da kowa ba in ban da "ina injin yake" da "an gama".

Wata safiyar Talata ce a tsakiyar damina, shekarar da kuɗin mai ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Fomanmu, Malam Lawan, ya kira ni tun ban ajiye babur ba.

"Auwalu, injin kamfanin fatar nan ya sake. Na tura mutum, na sake turawa, kowa ya dawo ya ce lafiyarsa ƙalau, su kuma suna ta kira. Ka je ka ƙarar mini da maganar nan. Kuma kada ka dawo ka ce mini laifin inji ne sai ka tabbatar, ka san yana cikin garanti."

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, garanti alkawari ne da mai sayarwa yake yi cewa idan abu ya lalace da kansa cikin wani lokaci, shi zai gyara ko ya sauya. Idan kuwa mai amfani da shi ne ya ɓata, babu ruwanmu. Saboda haka duk gyaran da ke cikin garanti yana da tambaya ɗaya a ƙarshensa: laifin wa?

Da na isa, aka kai ni wurin jami'in kula da ma'aikata, wani Malam Kabiru. Mutum ne mai fara'a a ranar da ba a ɓata masa rai ba, amma ranar an ɓata. Ya ce ruwan da ke zuba daga injin yana bi ta ƙarƙashin bango ya shiga ɗakin da ake ajiye fatun da aka gama gyarawa, har wasu sun yi tabo, kuma shi aka kira sama aka wanke tas.

"Malam, abu ɗaya nake so in ji daga bakinka," in ji shi. "In injin ne, ku zo ku ɗauki abinku. In tsohon nan mai wanki ne, yau zai tattara nasa ya nasa. Na gaji."

Ɗakin wankin yana can ƙarshen kamfanin, bayan rumfunan shanya fata, inda warin jima ya fi zama. Na bi ta cikin taɓo ni kaɗai har na same shi. A bakin ƙofa na tarar da dattijo dogo siriri, hannuwansa duk sun tsattsage saboda sabulu. Shi ne Baba Isuhu. Na yi sallama ya amsa, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen Damagaram, har da tambayar mutanen gida. Ni kuwa ina sauri, na amsa a taƙaice na wuce ciki. Ya ja gefe ya tsaya a waje, ya harɗe hannu a baya, kamar yadda ya saba yi wa waɗanda suka zo kafin ni.

Injin babba ne, mai ƙofar gilashi a gaba. A samansa daga hagu akwai durowar da ake zuba garin sabulu. Yadda abin yake aiki shi ne, ruwa yana fesowa ta wasu ƙananan ramuka a saman durowar, ya kwashi sabulun, ya gangara ta wata ƙatuwar tiyo zuwa cikin gangar wanki. Duk abin da ya tare wannan hanya, ruwan zai dawo ya zubo ta gaba. Na ga alamar kuwa: layin tsatsa ya sauko daga bakin durowar har ƙasa, ya bi ta gefen maɓallan.

Na bi matakan yadda aka koya mana. Na zare durowar gaba ɗaya, na duba ko sabulu ya daskare a ciki. Fes take, ko ta gidan amarya ba ta fi ta ba. Na cire ɗan murfin da ke zuƙe ruwa a ɓangaren maganin laushin tufafi, ba abin da ya toshe shi. Na haska tocila na duba ramukan sama, domin ruwan burtsatse yakan bar farin gishiri ya toshe wasu, sai ruwan ya riƙa fesowa a karkace. Na sa allura na bi su duk da ban ga komai ba. Na buɗe saman injin na matsa tiyon da hannu, ba tsagewa, ba toshewa. Na duba ƙarfin ruwan famfo, daidai. Na ɗora ma'auni na ga ko injin ya sunkuyo gaba, a zaune yake daram. Na tambayi Baba yawan sabulun da yake zubawa, ya nuna mini gwangwaninsa, bai ma kai abin da aka ƙayyade ba. Daga nan na mayar da komai, na kunna injin da kaina, na tsaya ina kallo har ya gama. Ko ɗigo bai zubo ba.

Raina ya ɓaci. Ba abin da mai gyara ya tsana irin injin da yake natsuwa idan ya gan shi. Na fara tattara kayana ina ƙunƙuni, ina tunanin abin da zan gaya wa Malam Kabiru. In na ce inji lafiya lau, na yanke wa tsohon hukunci ke nan ba tare da na ga laifinsa ba. In na ce inji ne, na yi ƙarya, kuma Malam Lawan yana jira na.

Ina cikin haka sai ruwan sama ya goce. Mai babur ba shi da ta cewa a irin wannan, na kifa wani bokiti na zauna. Ba a jima ba aka turo tulin kayan aiki ta taga, rigunan masu aikin safe, ba tare da an leƙo ba. Hannu kawai na gani. Baba ya shigo ya tsaya yana kallona, yana jiran izini a ɗakin da shi ne mai shi.

Na ce, "Baba, ku yi wankinku kamar ba na nan."

Ya zuba kayan, ya auna sabulu, ya danna maɓallin da aka nuna masa tun ranar da aka kawo injin. Sannan ya shiga ɗan ɗakin da ke manne da na wankin, inda yake kwana, ya fito da ƙaramar butar shayi da kurfoti. Kofinsa yana rataye a ƙusa. Na biyun sai da ya tona ƙasan wani kwali kafin ya samo shi, ya daɗe yana wanke shi a famfo.

Muna shan shayi injin yana juyawa, ya ba ni labarinsa ba tare da na matsa ba. Daga wani ƙauye yake wajen Magarya, a ƙasar Nijar. Ya zo Kano yana saurayi, ya samu wanki a kamfanin nan tun ana yi da hannu, su da yawa a lokacin, suna wanki suna raha. Wasu suka mutu, wasu suka koma gida, da inji ya zo aka sallami sauran aka bar shi. Matarsa ta rasu tun da daɗewa. 'Yarsa ɗaya tana aure can nesa, sai dai saƙon gaisuwa idan an samu mai zuwa.

"A gida fa, Baba? Akwai gona?"

Ya yi murmushi. "Gona tana wurin waɗanda suka zauna, ɗana. Wanda ya daɗe a waje, in ya koma baƙo ne."

Na san wannan maganar, domin ni ma idan na je Ringim ƙaramin ɗana sai ya yini yana ɓuya a bayan uwarsa kafin ya yarda in ɗauke shi. Na kurɓi shayina.

Injin ya zubar da ruwan sabulu, ya fara ɗauraya. Sai Baba ya ajiye kofi ya miƙe. Ya tari ruwa a bokiti har baki, ya ɗauko shi da ƙyar, ya jawo durowar sabulun waje alhali injin yana jan ruwa, ya yi bisimilla, ya fara tuttulawa. Rabi ya shiga, rabi ya malalo ta gaba, ya bi layin tsatsar nan, ya wanke maɓallan, ya kwanta a ƙasa ya nufi bango. Ya juya zai tari na biyu.

Na yi tsalle na kashe wutar daga bango. "Baba! Me kuke yi haka? Wuta ce fa a bayan maɓallan nan! Kuna so ta kama ku?"

Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata a ɗaga wa dattijo. Ya tsaya da bokiti a hannu, bai ji haushi ba, mamaki kawai na gani a fuskarsa.

"Ruwa nake ƙara masa, ɗana. Ba ya shan ruwa. Zo ka gani."

Ya ja ni gaban gilashin. Gaskiya ne, ruwan da ke ciki ko tafin hannu bai rufe ba. Haka waɗannan injinan suke, an yi su ne don tsimin ruwa, kuma wanda ya kafa wannan ya saita shi a kan wanki mafi tsimi, saboda kamfanin yana lissafin man janareta.

"Kayan nan da kake gani," in ji Baba, "rabinsu na masu ɗanyar fata ne. Jini ne, da kashi, da abin da ba a faɗa. Rabin kuma na masu shanya ne da masu ɗaurin kaya. Su nasu ba ya ɓaci sosai, da shi suke sallar azahar da la'asar, don hutun ba ya isa mutum ya sauya. An ce in haɗa su wuri ɗaya saboda mai. To omo yana fitar da dauɗa, amma tsarki sai ruwa zalla, ya ratsa tufa ya fita fari. Wannan ɗan ruwan kuwa najasar yake rabawa kowa ya samu. Mutum ya ɗauki riga daga hannuna, ya tsaya gaban Ubangijinsa da ita, bai san komai ba. Wa za a tambaya? Ni za a tambaya."

Na ce, "Me ya sa ba ku gaya wa waɗanda suka zo kafin ni ba?"

"Ba su tambaye ni ba. Suna zuwa sai su ce in ba su wuri."

"Su ma'aikatan sun san kuna yin haka?"

Ya girgiza kai. "Wa zai zo nan?"

Ya ce shi a ganinsa durowar ce ƙarama, shi ya sa take zubarwa, kuma kullum yana bi da tsumma ya goge. Bai san ruwan yana ratsa bango ba sai da aka zo ana faɗa. Daga nan tsoro ya kama shi, amma ya kasa bari. Ya ce ya gwada rana ɗaya bai ƙara ruwan ba, da ya ji kiran sallar azahar sai ya kasa cin abinci.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne. Na jira gaban injin ya bushe, na buɗe na duba allon maɓallan, Allah ya sa ruwan bai kai ga cinye shi ba. Na goge, na fesa maganin tsatsa, na rufe. Sannan na cire injin daga wankin tsimi, na saita masa ƙarin ruwa da ƙarin ɗauraya, na kulle saitin yadda ko an ɗauke wuta zai dawo a haka. Na kunna, na ce Baba ya matso.

Muka tsuguna gaban gilashin mu biyu. Ruwa ya riƙa hawa har ya kusa rabin ƙofar, kayan suna iyo a ciki. Ya zubar, ya sake ja, ya sake zubarwa. A ɗauraya ta ƙarshe Baba ya zagaya baya inda tiyon zubarwa yake, ya tara hannu, ya duba launin ruwan a hasken taga, ya kai hanci ya shinshina. Ya daɗe a haka.

"Wannan ruwa ne," in ji shi. "Alhamdu lillahi. Ashe ya iya, ba a gaya masa ba ne."

Na ce, "To Baba, durowar nan daga yau sabulu kawai. In injin yana aiki kada ku taɓa ta."

"Na bari, ɗana. Me zan ƙara kuma?"

Da ruwan sama ya tsagaita na koma ofishin Malam Kabiru. Na riga na yanke cewa gaskiya zan faɗa duka, ba rabi ba, domin rabin gaskiyar shi ne zai kori tsohon. Na ce injin ba shi da laifi. Na ce ruwan daga hannun Baba yake, na kuma faɗi dalilin, kalma da kalma yadda ya gaya mini. Na ƙara da cewa da an saita injin daidai tun farko, ko da ɗayanmu ya tsaya ya ga yadda ake wankin, da ba a kai ga haka ba.

Malam Kabiru ya cire tabarau ya murza ido.

"Ikon Allah. Ni kaina kafin a dawo da ni ofis a ɓangaren ɗaurin kaya nake. Da rigar nan na yi ta salla." Ya numfasa. "Shi ke nan, ya zauna. Zan san abin da zan faɗa a sama."

Na yi godiya kamar ni aka yi wa. Har na kai ƙofa ya ce, "Yanzu ke nan maɓalli kawai za a danna, komai ya yi daidai?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ko wa ya danna."

Na faɗa ne da alfaharin mai gyara. Na koma na yi wa Baba albishir, ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu yana ta sa albarka, ya rako ni har bakin rumfunan shanya. Na hau babur ina jin daɗin da na daɗe ban ji ba. Malam Lawan ma ya ji daɗi, tunda garanti bai ci mu ba. Ba a sake kira daga Challawa ba, mu kuwa a wurinmu shirun abokin ciniki shi ne yabo.

Na yi niyyar in leƙa shi idan aiki ya kai ni wajen. Aiki bai kai ni ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, har zafi ya fara shigowa.

Wata rana na yini a Sharada kan wani firjin kamfanin abinci, na dawo Bompai gab da magariba a gajiye. Mai gadinmu ya tare ni a ƙofa.

"Malam Auwalu, ka yi baƙo. Wani dattijo dogo, da jakarsa da butar shayi. Tun hantsi yake zaune a bencin nan, sai bayan la'asar ya tafi, ya ce kada mota ta bar shi."

Na tambaye shi me ya ce. Ya ce tsohon ya gaya masa an rage ma'aikata a kamfaninsu, an haɗa wankin da aikin mai shara, shi kuma an sallame shi cikin mutunci, an ba shi haƙƙinsa. Ba wani abu ya zo nema ba. Ya ce gida zai koma, ya zo ne mu yi sallama. Da ya ga ba ni da niyyar dawowa, ya bar saƙo cewa in yafe masa wahalar da ya ba ni, kuma ya riga ya gargaɗi mai sharar kada ya taɓa saitin.

Na juya babur na nufi tasha, na zagaya motocin da ke zuwa wajen iyaka, an ce ta ƙarshe ta tashi. Washegari na je Challawa na nemi sunan ƙauyensu. Malam Kabiru ya ce umarnin ragin daga sama ya zo, kuma na yarda da shi, domin na ga yadda ya kasa kallona. Ya duba takardun ma'aikata, abin da aka rubuta a kan garin Baba kawai shi ne Nijar. Baba ba shi da waya. Na tsaya a bakin ɗakin wankin na ɗan lokaci, injin yana ta aikinsa, ƙasa a bushe, ba kowa a ciki.

Ba na cewa gyarana ne ya kore shi, ragin zai zo ko da ni ko babu ni. Amma raina ya sosu, har yau kuma yana sosuwa. Abin da nake gaya wa duk wanda ya shigo sana'ar nan shi ne, kada ka ce wa mai aiki da inji ya ba ka wuri. Ka zauna, ka bar shi ya yi yadda ya saba, ka tambaye shi dalili kafin ka ɗaga murya. Sau da yawa yoyon yana hannun mutum, kuma mutumin yana da hujjar da ta fi taka nauyi. Ka kuma sani, a ƙarshen kowane kamfani a Sharada da Challawa da Bompai akwai irin wannan ɗakin, da wani a ciki yana ɗauke da nauyin mutanen da ba su san yana yi ba. Sau da yawa kai mai gyara ne kaɗai za ka taka ƙafa ka shiga wurinsa.

Baba Isuhu ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a Kano yana tsarkake wa mutane tufafin salla. Ranar da zai bar garin, ya duba duk faɗinsa, wanda ya samu da zai yi wa sallama shi ne mai gyaran da ya sha shayi da shi sau ɗaya. Ya zo ya yini a kan benci, ni ɗin ma bai same ni ba.